Nonon Ulfa

Da Daso ta dawo daga asibiti, abin da idonta ya fara sauka a kai shi ne gwangwanin madarar jarirai a saman firij, ko ɓalle bakinsa ba a yi ba. Zazzaɓin sauro ya kwantar da ita fiye da mako, ta bar 'yarta Afnan mai wata uku a hannun mijinta Munzali, mutumin da karatun digiri ya kawo Kuala Lumpur amma ko shayi bai iya haɗawa ba. To me yarinyar ta sha har ta ajiye wannan kumatun?

Munzali ya sosa ƙeya. Wai ya kai ta wajen Ulfa, 'yar Yaman ɗin da ƙofarta ke kallon tasu a benensu na unguwar Wangsa Maju. Ulfa ta dawo masa da gwangwaninsa, ta ce a garinsu abin kunya ne mace na da nono a ɗura wa jinjiri gari a gabanta. Sai ta haɗa Afnan da ɗanta Ziyad, kowa da gefensa.

"Ba wani big deal ba ne, lah," in ji shi, da salon maganar mutanen Kuala Lumpur da ya kwaso.

Ran Daso ya yi mummunan ɓaci. Da ma can jininsu bai haɗu ba, tun ranar da Ulfa ta kai ƙara ofishin ginin wai warin daddawa na hana ta numfashi, alhali hayaƙin turarenta har cikin miyar mutane yake shiga. Kuma Daso ta tashi ne a hannun matan da suka yarda hali a nono ake shan sa. Yanzu ke nan 'yarta ta ƙoshi da rashin mutuncin wannan matar.

Ko jakar asibiti ba ta kwance ba ta je ta buga ƙofa. Da ɗan Larabcinta na Islamiyya ta wanke Ulfa tas, ta tambaye ta da izinin wa ta taɓa mata 'ya. Ulfa ta saurara, tana kallon ta daga sama har ƙasa.

"'Yata ce yanzu," ta ce. "Ƙanwar Ziyad ce har abada. Ki je ki tambayi malamanku."

Daso ta rantse ko gaisuwa ba za ta sake haɗa su ba, ta koma ɗaki ta ba Afnan nono. Yarinyar ta kama, ta ja, ta ja, ta saki, ta fasa kuka. Zazzaɓin ya ƙafar da komai. Daso ta dama kunun kanwa ta sha har cikinta ya ɗaure, ba ko ɗigo. Ta buɗe gwangwanin ta haɗa madara, Afnan ta ture robar da harshe, ta amayar da ɗan abin da ya wuce.

Washegari da rana kukan ya koma ƙasa-ƙasa. Leɓen yarinyar ya bushe, maɗigarta ta lotsa. Can Ulfa ta yi magana a waje, tana yi wa Ziyad wasa, sai Afnan ta juya kai wajen muryar tana buɗe baki. Wannan ya fi zazzaɓin yi wa Daso ciwo.

Ta ja hijabi, ta tsallaka, ta ƙwanƙwasa a hankali. Ta shirya kalmomin ban haƙuri, amma Ulfa ba ta ba ta damar faɗa ba. Ta miƙa hannu biyu ta karɓi Afnan, ta dubi robar madarar da ke hannun Daso, ta taɓe baki, ta rufe ƙofa.

Kukan ya ɗauke nan take. Daso ta tsaya a bakin ƙofar da robar a hannu, tana sauraren 'yarta tana haɗiya.