Gaisuwa a Kunnen Dama

Kadiri ne ya sayo wa Larai abin, a rumfar wani ɗan Kamba cikin kasuwar Malanbil: abin sauraron nan marar igiya mai rufe kunnuwa biyu ruf, wanda yara ke ce wa kaski. Ya ce ya gaji da ganin matarsa tana yawo da waya a cikin zane, rannan har wayar ta faɗa tukunyar miya. Yanzu sai ta bar wayar a ɗaki tana caji, ta yi shara, ta yi girki, waƙa na bin ta har bayan gida. Larai kuwa ba ta iya son abu kaɗan ba. Maƙwabta ma sun daina yi mata sallama, sai dai su shigo su taɓa ta.

Wata safiya tana tsintar shinkafa, kunnen dama ya ɗauke. Na hagu na nan yana waƙarsa. Ta buga abin da tafin hannu, sai na daman ya dawo, amma ba da waƙa ba. Ƙarar shimfiɗa tabarmi ta ji, da takalma ana cirewa, da muryoyin mata ƙasa-ƙasa.

"Ina hankuri?"

"Hankuri da godiya."

Ta cire, ta duba. Ba kowa a tsakar gida sai kaji. Ta mayar. Gaisuwar mutuwa ce, kuma a gidanta ake yi, don ta ji kukan ƙofar langalangarsu, wadda ba ta da ta biyu a unguwar.

Tsoro ya kama ta, na gaske. Tun da aka rufe gadar kan iyaka Kadiri ke haye kogi da kwalekwale, yana kai garin rogo Gaya, kuma ko a kwatami bai iya iyo ba. Da ya dawo da la'asar ta ɗora masa abin a kai.

"Mi kaj ji?"

"Waƙa mana. Ke dai kin cika shi da hayaƙin murhu, shi ya sa shika shirme."

Ta roƙe shi kada ya haye gobe. Ya yi dariya, ya ce kaya na jiran sa a bakin ruwa.

Washegari yana fita ta tara ruwan wanki a babban baho, ta zaunar da 'yarsu Rauda, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, a inuwa da ɗan ƙosai a hannu. Ta sa abin. Ba ta ko jiƙa riga ɗaya ba ta gane cewa muryoyin na canzawa da wurin da ta tsaya. A bakin madafa mata take ji. In ta matsa wajen zaure sai na maza su taso. To, in Kadiri na cikin masu amsa gaisuwa, ai ba shi ba ne ke nan. Ta kashe waƙar, ta ƙara murya har ƙarshe, ta shiga zaure, ta danne kunnen da hannu.

Ta daɗe a nan. Ta ji liman, ta ji Ɗan'iya ƙanen mijinta yana fyace hanci, ta ji 'yan kwalekwale suna gaisuwa da yarensu na Dandanci. Can sai ga muryar, a dushe, amma tasa ce.

"Na gode. Allah shi ba da lada."

Ta zame ta zauna a ƙasa, tana dariya tana hawaye. Kadiri na da rai. Sai kuma dariyar ta yanke. To ita ce za ta mutu? Ta rarrafa zuwa ƙofar ɗakinta, inda muryoyin mata suka fi yawa, ta kasa kunne. Ta ji kanta tana amsawa, da wata murya da ba ta taɓa sanin tana da ita ba. Wata tsohuwa ta matso kusa, har Larai na jin numfashinta.

"Ki yi hankuri, ɗiyata. Allah shi sa mai ceto ta."

Wannan addu'ar ba a yi wa babba ita.

Larai ta fizge abin daga kanta. Rana tsaka, gidan tsit, ko kaza ba ta motsi. Guntun ƙosai na nan a kan tabarma. Ta kira sunan Rauda sau ɗaya, sannan ta juya wajen bahon.