Ragowar Romo

"Kada ka taɓa, bai kai ba," in ji Malam Tukur, ya buge mini hannu da ludayi lokacin da na kai shi ga murfin tukunya. Tun asuba yake kan tukunyar, ga rana ta take tsaka. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, don haka a kan buhu yake tsaye. 'Yarsa Salma ta ajiye masa kujera a bayansa, ya ƙi zama.

"Likita cewa ya yi ka kwanta," na ce.

"Likita ba shi da yayan da zai zo yau daga Bungudu."

Shagon a jikin gidansa yake, katanga ɗaya da nawa, a Tudun Wadan Gusau. Ɗan ɗaki ne mai kanta ta katako da 'yan kujeru, sai wani gajeren labule shuɗi a ƙofa da ke sa mai shiga ya sunkuya. Tukur malamin gona ne a da. A lokacin aikinsa aka tura shi Japan kwas kan noman shinkafa. Abin da ya koyo na shinkafa ya ƙare a ofis. Abin da ya zauna masa a rai shi ne wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa, inda wani tsoho ke sayar da taliya cikin romon kaza. Sunan abincin ramen. Da ya yi ritaya sai ya buɗe nasa, unguwa ta laƙaba masa Tukur Japan.

Da hannunsa yake murza taliyar, da fulawa da ruwan kanwa don ta yi danƙo. Romon na ƙashin shanu ne da ƙafar kaza da ɗan daddawa. Wani mahauci ke aiko masa da ƙashin daga Tsafe, a ranakun da hanya ta yi lafiya. A sama yakan ɗora yankan nama da lawashi da rabin ƙwai mai ruwa-ruwa a tsakiya, wanda ba ya rasa mai ƙorafi.

"Malam, ƙwan nan naka bai nuna ba."

"Haka ake yin sa."

"A can ba. Nan Gusau ce."

Wannan ba ya damunsa. Romon ne ke damunsa. Duk wanda ya taɓa zama a kantar ya ji labarin: a shagon tsohon nan na Japan, mutum yakan ɗaga kwano da hannu biyu ya kurɓe romon har ƙarshe, da ƙara, shi kuma tsohon ba fuskarka yake duba ba, gindin kwanon yake leƙawa. Kwanon da ya dawo wayam shi ne godiya. Mutanenmu kuwa sai su tsame taliya da nama, su bar romon da ya wuni a wuta. Kowane yammaci Salma ke kwararar da shi a kwata, shi kuma ya juya baya yana goge kanta.

Alhaji Arzika, yayansa, manomi ne a Bungudu. Shi ya riƙe Tukur bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta. Bai taɓa taka shagon ba. Da ya ji an buɗe, saƙon da ya aiko shi ne ba don riƙe ludayi a bakin titi ya sayar da hatsinsa ya sayi littattafai ba. Tukur dai ya ci gaba da cewa wata rana yayan zai zo ya ci. Sai da labarin ciwon ƙodar Tukur ya kai Bungudu sannan Arzika ya ce yana tafe dubiya. Tukur ya ce to, amma ba a ɗaki zai same shi ba.

Bayan azahar Arzika ya iso. Dogon tsoho ne, labulen ya ture masa hula.

"Wane irin labule na wanga, awa yadi ya ƙare ma tela?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya?"

"Hanya sai addu'a." Ya tsaya yana kallon ƙanensa daga fuska har ƙafa. "Kai anka ce ba ka lahiya, kuma kai a tsaye gaban wuta?"

"Zauna, Yaya. Yanzu zan zuba."

Ya zauna yana tattare babbar rigarsa. Tukur ya ajiye masa tsinkayen nan guda biyu da ake cin taliyar da su. Arzika ya ɗaga ɗaya ya juya.

"Sakace za ni yi tun ban ci ba?"

Salma ta kawo cokali mai yatsu da na miya. Tukur ya tsame taliyar, ya girgiza rariyar, ya zuba a wani baƙin kwano mai zurfi, ya kwarara romo. Ko ɗigo bai zuba a kanta ba. Ya ɗora naman da ya fi kowane kyau.

"An ce da alade suke yi can," in ji Arzika.

"Naman shanun Tsafe ne, Yaya."

Ya yi bisimilla ya fara. Yadda dattijo ke ci ya ci, ba ƙara, ba ɗaga kai. Ya cinye taliyar, ya cinye naman, har ƙwan bai bari ba. Ya kai cokali ga romon ya kurɓa, ya sake kurɓa. Gumi ya tsattsafo masa a ƙasan hula. Can sai ya ce, ba da kowa yake ba, "Ashe akuyar nan ta Mamman har yanzu tana nan da ranta."

Salma ta toshe baki da mayafi. Santi ne, ba ko shakka, kuma daga bakin Alhaji Arzika. Na dubi Tukur don in ga ko ya ji. Idonsa na kan kwanon.

Arzika ya ajiye cokali ya yi hamdala. Romon ya fi rabi. Ya tura kwanon a kan kanta har gaban ƙanensa.

"Ungo. Shanye, ka ji ƙarhi."

"Na ƙoshi, Yaya."

"Shanye mana. Dubi wuyanka."

"An hana ni gishiri."

"To ba ɗiyar." Ya miƙe yana gyara hula. "Za ni koma tun da rana, ka san hanya. Kuma ka ruhe wurin ga ka kwanta, Tukur. Ya isa hakanan."

Na raka shi bakin titi ya hau mashin zuwa tasha. Da na dawo na tarar da Tukur a bakin kwata da kwanon a hannu. Ban taɓa ganin ya zubar da romo da kansa ba sai ranar. Ya tsaya har kitsen ya bi ruwa.

"Malam Abdulrahman, ka gani?"

"Na ga ya ci. Har santi ya yi."

"Santin da bai kai gindin kwano ba." Ya miƙa wa Salma kwanon. "Kashe wutar."

"Baba, tukunyar cike take."

"Kashe."

Shagon bai sake buɗewa ba. Tukur ya kwanta a gida 'yan kwanaki, aka kai shi asibiti, wata safiya ya cika. Bayan azahar aka yi jana'iza. Jama'a sun taru sosai. A hanyar dawowa daga maƙabarta na ji mutum uku daban-daban suna cewa ba su taɓa cin abinci irin na marigayi ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai cewa ƙwai bai nuna ba. Sauran biyun ban taɓa ganinsu a kanta ba.

A ƙofar shagon aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Maƙwabta suka yi ta aiko da abinci har kwanuka suka yi kaɗan, mata suka kwaso baƙaƙen kwanukan Tukur suna zuba tuwo da fura a ciki. Babbar tukunyar romon aka wanke aka dafa shinkafar sadaka.

Ranar uku, da mutane suka ɗan ragu, Arzika ya matso kusa da ni. Idanunsa sun faɗa.

"Malam, ran da na zo, ya sha romon nan da na bar mishi?"

Kafin in amsa Salma ta fito daga zaure da fura, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Shi bai jira amsata ba.

"Tun shina ƙarami ban taɓa cin abu mai daɗi ban rage mishi ba. Ko ƙashin nama na, sai na bar mishi. Ran nan wallahi da ƙyar na tsai da hannuna. Na ce a'a, Arzika, yaron ga ya hi ka buƙata."

"Zubarwa ya yi, Baba," in ji Salma, kanta a ƙasa. "A kwatar can."

"Zubarwa?"

"Shi a wurinsa, wanda ya rage romo bai yaba ba. Tun da ya buɗe shagon nan kwanonka yake jira ya ga gindinsa."

Arzika ya dube ta, ya dube ni. "To wa ya gaya min?"

"Kowa a unguwar nan ya ji har ya gaji, Baba. Sai dai wanda bai zo ba."

Ta tashi ta koma ciki. Babu wanda ya tsawata mata.

Tsohon ya daɗe yana kallon furar. A baƙin kwano mai zurfi aka zubo ta. Ya ture ludayin gefe, ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya kafa kai. Ana jin kurɓarsa daga ɗaya tabarmar, har wasu suka waiwayo. Fura ta gangaro masa a gemu, bai tsaya ba sai da ya karkata kwanon gaba ɗaya. Ya ajiye shi a bakin tabarma, daidai ƙofar shagon, inda labulen shuɗin nan ke rataye a kan rufaffen ƙyaure.

Masu gaisuwa suka ci gaba da zuwa, suna tsallake kwanon su miƙa masa hannu.