An Sauke Eriyar Injiniya

Rufin gidan Injiniya ya fara yoyo, sai ɗansa ya kawo kafinta, suka sauke doguwar eriyar da ke kai. Tsohon ya yi ta mita, amma ruwa na ɗiga a kan gado, ya zai yi?

Rayuwarsa duk a kan turakun sadarwa ta ƙare. Da ya yi ritaya ya haɗa rediyon magana da hannunsa, kullum da hantsi yana hira da 'yan'uwansa masu wannan sha'awa. Yanzu babu eriya, babu magana. Da kewa ta ishe shi, ya rataya guntuwar waya a taga a madadin eriya don ya riƙa jin su kawai.

Yana kunnawa ya ji jagoran hirar na kiran lambarsa ta rediyo. Ya kira, ya saurara. Ya sake kira, ya saurara. Nan Injiniya ya gane. Wannan ai kiran bankwana ne, wanda suke yi wa mamaci!

"Na bi ta layinsu, na ga an sauke eriya," in ji jagoran. "Kun san mutumin nan, yana da rai ba mai taɓa ta. Allah ya jiƙansa."

"Wa? Ni?" Injiniya ya miƙe, kujera ta kife.

Sai ga muryar Sarkin Musu, abokin gardamarsa a rediyo na shekara da shekaru. Ƙaton mutum yana kuka wiwi, ya kasa haɗa kalma biyu.

Injiniya ya fi kowa sanin cewa tura magana ba eriya ƙona na'ura ne, shi ya koya wa rabinsu. Duk da haka ya damƙi makirfo ya danna.

"Kai, ina nan! Rufi ne ke yoyo!"

Wani abu ya yi fat! Hayaƙi ya taso, fitilun suka mutu. Ko sun ji, ko ba su ji ba, oho.

Matarsa ta shigo a guje. "Innalillahi! Malam, me ke ƙonewa?"

"Miƙo min takalmina, sun ce na mutu. Gidan Sarkin Musu za ni."

"To, a wace unguwa yake?"

Injiniya ya buɗe baki, ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Wallahi bai sani ba. Ko lambar wayarsa ba shi da ita.