Gayya a Gonar Maƙwabci

Zainabu na tafe da kwanon tuwo a ka, tana jiyo waƙar masu aiki tana murmushi, sai ta tsaya cak a gindin tsamiya. Dawar mijinta na nan tsaye, ko kara ɗaya ba a taɓa ba. Ta maƙwabcinsu Malam Yusha'u kuwa, an kwantar da fiye da rabinta.

"Wayyo Yesu!" Abin da ya iya fita daga bakinta ke nan.

Mijinta Isma'ila ya faɗi da babur a hanyar Tsafe, yana kwance a gida ƙafa a ɗaure, ga dawa ta ƙosa tsuntsaye sun fara biki. Shi ya sa Fasto Yahaya ya yi shelar gayya a cocinsu na Sabon Gari, Gusau. Cocin nan kuwa a suna ne kawai yake ɗaya. Masu sujadar Turanci su shiga da safe, masu ta Hausa su biyo baya, in an yi karo a ƙofa gaisuwar ba ta wuce ɗaga hannu. Manoman gaske duk 'yan sujadar Hausa ne, kuma motarsu ta lalace a hanyar Bunguɗu. 'Yan Turanci suka riga su isowa Karakkai, ƙauyen su Zainabu, kowa da sabuwar adda, suna ɗokin nuna cewa su ma sun san wahala.

Oga Obinna mai sayar da kayan gyaran mota shi ne jagoransu. Da ya tambayi hanya, Zainabu ta ce masa gonar da ke jikin tsamiya. Ba ta kawo a ranta cewa akwai babban mutum a duniya da bai san layin gamba iyaka ne ba, ko bai iya bambanta dawar da ta ƙosa da ɗanya ba. Malam Yusha'u ya yi shuka a makare bana, tasa ko kusa ba ta yi ba.

Oga Obinna ya taho da fara'a, gumi sharkaf. "Mama, kin ga aiki? Saura kaɗan mu gama!"

Ta sauke kwanon, ta tsinko ƙwaya daga zangarniyar da ke hannunsa ta matse. Farin ruwa ya fito kamar madara. Ta nuna masa gamba, ta nuna masa gonarsu a ɗaya ɓangaren. Adda ta suɓuce daga hannunsa. Waƙa ta mutu. Iya Bukola tela ta ɗora hannu biyu a ka ta zauna daɓas a kan kunya.

Ana cikin haka motar 'yan Hausa ta iso. Suka sauko suka yi cirko-cirko, baki buɗe. Wani dattijo a cikinsu ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Mu dai ba mu taɓa ko kara ba."

Sai ga Malam Yusha'u da 'ya'yansa da samarin gari, wasu da gora, wasu da abin da ya fi gora. A 'yan shekarun nan, baƙin fuska da adduna a gonar mutum ba abin wasa ba ne a wannan yanki. Tsohon ya bi kunya-kunya yana duban abincin shekararsa a ƙasa. Ya daɗe yana salati kafin ya juyo.

"Ke matar Isma'ila, waɗanga mutane daga ina suka hito? Naki na, ko ba ki san su ba?"

Zainabu ta gane tambayar sarai. In ta ce nata ne, ɓarnar ta hau kan gidansu, kuma ba su da abin biya sai dawar da ke tsaye. In ta ce ba ta san su ba, samarin nan za su tasa su gaba, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Gaskiya ma ba ta san su ba. Oga Obinna bai taɓa tambayar sunanta ba, Iya Bukola ta taɓa hana ta kujera ranar bikin godiya. Haushinsu take ji har wuya. Ga yara a gida, ga miji a kwance.

Ta durƙusa. "Namu na, Baba. Coci guda muke. Ni na kira su."

"To wa ya fara sa adda?"

Oga Obinna ya buɗe baki, amma dattijon nan da ya ce ba su taɓa kara ba ya riga shi. Kunya ce ta kama shi ko me, oho. Ya tako ya tsaya kusa da Obinna ya ce, "Mu duka ne, Malam. Su sun sara, mu mun makara." Sauran suka matso ɗaya bayan ɗaya, Ibo da Yarbawa da Bajju da Hausawa, har ba a gane wa ya zo a wace mota.

Oga Obinna ya soma laluben aljihu. Malam Yusha'u ya daka masa tsawa. "Takarda za ni tuƙa ma iyalina? Dawa aka sare, dawa nika so."

"Ga tamu nan, Baba," in ji Zainabu.

Haka aka yi. Manoma suka shiga gaba suna sara, 'yan kasuwa na biye suna yanke zangarniya, ana gwada musu yadda ake ɗaurin dami. Ba wanda ya ƙara waƙa. Zainabu na tsaye tana kallon gumin mijinta yana tafiya a kawunan mutane zuwa rumbun wani. Malam Yusha'u ya ce a bar mata 'yan damma na gefen rafi, ya juya da sauri don kada ta yi masa godiya. Da ta faɗa wa Isma'ila, fuska kawai ya mayar bango. Ita ma ta yi kuka har ta gode Allah.

Ranar Lahadi ba ta je coci ba, ba ta da fuskar ganin kowa. Da la'asar ta ji ƙugin motoci a ƙofar gida. Ta leƙa, ta ja da baya, ta sake leƙawa. Sujada ɗaya aka yi ranar, aka tashi aka ɗunguma zuwa Karakkai. Kowa ya kawo abin da ake ci a gidansa. Doya, garin rogo, acca, manja, wake, har da wani baƙin gari da ba ta taɓa gani ba. Aka yi ta zubawa a rumbu har ya ƙi rufuwa.

Isma'ila ya dogaro sanda ya fito, ya leƙa rumbun kakanninsa, ya dubi matarsa da ido waje. "Zainabu, mi za mu yi da wanga abu?"

Iya Bukola ta riga ta ɗaura zane ta hura wuta. Ta ɗebo baƙin garin nan za ta tuƙa, ta miƙa wa Zainabu muciya.

"Zo nan, ƙanwata. Ki riƙe da kyau, wannan ba ya yafe wa mai sanyin hannu."