Sanyi a Hanyar Dungas

Salim ma'aikacin sarwis ɗin ruwa ne, wato ma'aikatar ruwa ta gwamnati, a Magariya. Aikinsa shi ne bin ƙauyuka yana auna rijiyoyi: zurfinsu, inda ruwa ya tsaya, da ko bakinsu ya soma zaizayewa. Shekara shida ya yi yana wannan yawo a kan babur, har ƙugunsa ya soma ciwo, sannan ya sayi wata 'yar mota ja ta hannu. Ƙarama ce, amma injinta yana da turbo, wato 'yar fankar nan mai tura iska cikin inji da ƙarfi. Da sassafe babu mai kamo ta wajen gudu. In rana ta take kuwa a lokacin bazara, sai ta yi nauyi kamar jakin da aka labta wa buhu uku.

Ya yi ta bincike a waya har ya gane dalili. Akwatin iskar motar yana manne da inji, don haka iskar da take shaƙa ta riga ta dahu kafin ta shiga. Sai ya sa aka kawo masa wani tiyo na alminiyom mai lanƙwasa daga Kano, da filtar mai siffar mazurari, waɗanda za su jawo mata iska mai sanyi daga waje.

Ya kai kayan garejin Gajere, a bayan tasha. Gajere dogon mutum ne, sunan ya bi shi ne tun yana ƙarami, kuma ya haura shekara talatin yana gyaran mota. Ya juya tiyon a hannunsa, ya leƙa cikinsa, ya tambayi inda za a sa filtar ɗin. Salim ya nuna masa hoto: can ƙasa, bayan parshok, wato bambar gaban mota, gaban tayar hagu.

"Mushe Salim," in ji Gajere, yana kiransa da laƙabin girmamawa na Faransanci, "waɗanda suka ƙera motar nan a sama suka sa mata hanci. Kai kuma kana so ka kai shi ƙasa. To, abin da ke ƙasa shi za ta shaƙa."

Salim ya ce ya sani, da damina ta faɗi zai mayar da tsohon akwatin saboda ruwan kwari. Gajere ya kama aiki. Ya cire wayar batir, ya kwance akwatin ya ajiye a kan benci. Ya zare ɗan abin da ke auna iska a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai, ya dasa shi a jikin sabon tiyon. Ya cire tayar gaba, ya ɓamɓare robar da ke bayanta, ya zura tiyon ta wani ɗan lungu da ƙyar, sai da ya goge fatar yatsunsa biyu. Filtar ɗin ta zauna taƙi biyu daga ƙasa. Kafin azahar ya ɗaure komai ya ce a tayar.

Muryar motar ta sake. In an ba ta wuta sai a ji tana zuƙar iska, in an ɗaga ƙafa kuma ta yi wata 'yar ajiyar zuciya. Salim ya ji daɗi ƙwarai. Yana da wata 'yar na'ura da ya soka a ƙarƙashin sitiyari, mai nuna masa zafin iskar da ke shiga inji a fuskar wayarsa. A da yakan ga sittin da wani abu. Yanzu arba'in da biyar ne, daidai da zafin gari.

Ranar Alhamis ya gama aiki a wasu ƙauyuka na Dungas, ya ce bari ya yanke ta hanyar amalanke ya ɓulla Dantchiao. Rana tana tsaka. Yana cikin tafiya a wani fili mai rairayi, sai motar ta yi tari sau biyu, ta yi kamar za ta mutu. Ya dubi waya, ya ga lambar tana gangarowa: talatin, ashirin da huɗu, goma sha tara. Kafin ya gama mamaki motar ta farfaɗo, lambar ta koma inda take.

Washegari ya koma wurin Gajere, ya ce yana jin abin auna iskar ne ya sami matsala. Gajere ya duba bai ga komai ba. Sai ya kwanta ya sa hannu ta ƙarƙashin parshok, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, ya shinshina yatsunsa, ya tambayi Salim ko ya ratsa ruwa, ko an wanke motar. Salim ya ce a'a. Wata bakwai ke nan ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Gajere ya miƙo masa hannun. Filtar ɗin a jiƙe take, kuma warin da ke yatsun Salim ya san shi sarai: warin guga ne da aka jawo daga rijiya mai zurfi.

Gajere ya ba shi shawara ya bar bin wannan hanya. Amma Salim mutum ne da ba ya iya barin lamba ba tare da ya san inda ta fito ba. Ya buɗe taswirar sarwis, ya duba kundin rijiyoyin yankin kaf, na da da na yanzu. Babu rijiya ko tafki a wurin, ko kusa da shi.

Ranar Laraba ya koma, da rana tsaka kamar wancan karo. Wannan karon ya tsaya daga nesa ya dubi wurin da kyau. Fili ne fari tas, bai wuce faɗin masussuka ba, ko tumfafiya babu a cikinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne sawu. Sawun shanu da na amalanke duk sun rabu biyu kafin filin, sun zagaye shi, sun sake haɗuwa a gaba. Sawun da ya ratsa tsakiya guda ɗaya ne, na motarsa.

Ya shiga a hankali, idonsa a kan waya. Arba'in da shida, talatin da biyu, ashirin, goma sha bakwai. A tsakiyar filin injin ya shaƙe ya mutu. Ya murza makulli sau uku, bai tashi ba.

Ya fito. Rana tana dukan ƙeyarsa, gumi yana bin bayansa, amma idon sawunsa sanyi yake ji, kamar ya tsoma ƙafa a randa. Babu kukan kurciya, babu motsin iska. Ya durƙusa gaban tayar hagu don ya duba filtar, sai ya ji sanyin yana fitowa ne daga cikin rairayin, yana bi ta tsakanin yatsunsa. Sannan ya ji ƙarar.

Da farko ya ɗauka ƙarfen inji ne yake hucewa. Amma ƙarfe ba haka yake yi ba, kuma ba daga motar ƙarar take zuwa ba. Daga ƙasa take, can nesa. Sara ne, a tsaya, a sake sara. Salim ya sha tsayawa a bakin rijiyar da ake haƙa, ya san ƙarar dagi in yana cin laka.

Bai ji tsoro ba, kuma daga baya wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Kansa ya yi nauyi, wani barci mai daɗi ya soma rufe shi. Ya ce a ransa bari ya kara kunne ya ji da kyau. Ya kwantar da kuncinsa a kan rairayin mai sanyi, ya ji bai taɓa samun wurin kwanciya mai daɗin wannan ba.

Wani abu ya cafki wuyan rigarsa ya fizga. Ya ji muryar mace tana ce masa ya rarrafo, kada ya miƙe, ya rarrafo kawai. Ya bi jan da gwiwa da hannu har sanyin ya sake shi, zafin ƙasa ya soma ƙona masa tafin hannu. Nan ya yi amai.

Wata tsohuwa ce, Bafillatana, riƙe da doguwar ƙugiyar da ake kaɗo wa awaki 'ya'yan gawo. Da ita ta jawo shi, ba tare da ta taka filin ba. Sunanta Ƙande, rugarsu tana bayan tudun da ke gabas. Ta zaunar da shi a gindin gawo, ta ba shi ruwa daga gorarta, ta bar shi sai da numfashinsa ya daidaita. Sannan ya ce, "Inna, mene ne a ƙarƙashin wurin nan?"

Ta ce rijiya ce. A shekarar farin da shanu suka ƙare, tana 'yar shekara tara, mutanensu sun zauna a nan, suka ce za su haƙa ruwansu. Mahaifinta Yunusa da wasu mutum biyu su ne masu shiga. Sun kai gaba ashirin da biyu, laka ta soma danshi, kowa yana murna. Wata rana da hantsi masu jan ƙasa suka girgiza igiya, ba a amsa ba. Suka yi kira, shiru. Aka zura fitila, ta mutu tun ba ta kai rabi ba. Aka zura kaza, aka jawo ta matacciya. Daga nan ba wanda ya yarda ya shiga. Amma ana jin dagi yana aiki a ƙasa, a ranar, da washegari, da jibi. A rana ta huɗu dattawa suka sa aka jera gumagumen giginya a bakin, aka shimfiɗa zana, aka tura rairayi, aka tashi daga wurin. Ba a yi musu salla ba, don ba wanda ya iya buɗe baki ya ce sun mutu alhali ana jin su suna sara.

Salim ya tuna karatunsa. A makaranta an koya musu cewa tsohuwar rijiya tana numfashi, wani lokaci ta zuƙa, wani lokaci ta fitar, kuma iskar da take fitarwa takan kashe wuta ta kashe mutum. Wannan ya ishe shi bayanin sanyin, da mutuwar injin, da barcin da ya kama shi. Ya yi ta neman inda zai sa ƙarar dagin a cikin bayanin, bai samu ba.

Ɗan Ƙande, wani magidanci mai suna Idrisa, ya zo da bijimai biyu. Bijiman suka toge nesa da filin, duka bai sa sun matsa ba. Sai aka ƙulla igiyoyin guga uku. Salim ya cika ƙirjinsa da iska, ya ruga ya ɗaura igiyar a bayan motar, ya rugo ya fito bai shaƙa ba. Da motar ta soma ja da baya, wurin da tayar gaba ta tsaya ya lotsa, wani rami kamar bakin ƙwarya ya buɗe. Rairayi ya yi ta zurarewa ciki. Su uku suka tsaya suna sauraro, ba su ji inda ya sauka ba.

Motar ta ƙi tashi, ta kwana a rugar. Da safe Gajere ya zo a kan babur da tsohon akwatin iska ɗaure a baya. Da ya kwance filtar, ya same ta a toshe da wata laka mai ruwan toka, ɗanya shar. Ya ce shi dai ya san iska takan ɗauko ƙura, bai taɓa ganin ta ɗauko laka ba. Salim ya murza ta a yatsa. Irin wannan laka a yankin nan sai an wuce mita talatin ake samunta. Bai faɗa wa Gajere ba. Gajere ya mayar da akwatin, motar ta tashi bugu ɗaya. Tiyon da filtar kuwa ya ce ba za su shiga garejinsa ba, suka haƙa rami a gefen gona suka binne.

Salim ya rubuta rahoto, ya faɗi wurin da zurfin da aka ba shi labari, da haɗarin da ke akwai ga masu wucewa. Bai rubuta abin da kunnensa ya ji ba. Bayan mako biyu aka turo ma'aikata daga ofishin magajin gari da siminti don a rufe bakin, amma da suka ji labarin suka ce sai dai a kewaye. Aka kewaye filin da ƙaya da turaku. Ƙande ta roƙi alfarma ɗaya, Salim ya ɗauko wani limami a motarsa. Mutum goma sha ɗaya suka yi sahu a wajen shingen, da hantsi, aka yi wa mutanen uku addu'a, aka ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Da aka watse, Ƙande ta rako shi har bakin mota. Ta dafa ƙofar, ba ta dube shi ba, ta ce, "Ɗan nan, ran da ka kwanta a wurin, dagi nawa ka ji?"

Ya so ya ce bai ji komai ba, amma ya kasa yi mata ƙarya. Ya rufe ido ya tuna yadda saran yake zuwa, ɗaya mai nauyi, ɗaya yana bin bayansa.

"Biyu, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce tana budurwa takan zo ta tsaya daga bakin filin, kuma a lokacin uku ne. Ta ɗan jima tana duban shingen, leɓenta yana motsi, kamar mai son ta tambayi wanne ne ya daina. Ba ta tambaya ba. Ta yi masa addu'ar sauka lafiya, ta ɗauki ƙugiyarta ta bi bayan awakinta.