Babu Na Ɗaya a Gidanmu

A ƙauyenmu na bakin rafi ba a kiran ɗan fari na Ɗaya. Daga Biyu ake farawa, don in miyagun iskoki sun zo neman ɗan fari su ɗauka ba ya nan. Yayana Luom shi ne Hai, wato Biyu. Ni, Lai, ni ce Uku, sai ƙannena Huɗu da Biyar. Kowa a kudancin Vietnam ya san wannan, ban da sojan Amurka da suka shekara huɗu suna tattaka mana shinkafa wai suna neman 'yan tawaye.

Ranar da suka zo muna shanya kifi. Ba su zo da tafinta ba, sai wani dogo mai jan wuya da ya koyi ƙirga da harshenmu. Da ma bai koya ba. Ya jera mu a jikin bango, kowa ya faɗi sunansa, yana lanƙwasa yatsu. Sai ya juya ga Baba.

"Ɗaya ina?"

"Babu," in ji Baba.

"Ɗaya daji? Ɗaya bindiga?"

Inna har da dariya. "Ku ji min shashasha, zai koya mini 'ya'yan da na haifa."

Dariyar ba ta je ko'ina ba. Suka ɗaure Baba, suka durƙusar da shi a rana, shi da ke fama da tari tun damina. Ya yi ta bayani, amma mutumin lamba kawai yake ji. Suka nuna hanyar sansani, inda muka san mutum uku da suka je ba su dawo ba.

Luom ya ce, "Inna, ai ba ƙarya zan yi ba, ni ne ɗan fari."

"Rufe min baki, Hai."

Bai rufe ba. Ya fito, ya bugi ƙirjinsa, ya ɗaga yatsa guda. Luom ɗin da ko agwagwa sai ni nake yanka masa. Dogon ya washe baki kamar yaron da ya ci jarrabawa. Suka kwance Baba, suka ɗaure Luom da igiyar, suka tafi da shi. Har yau ina jin haushin kaina da ban buɗe baki ba.

Bayan wata biyu suka dawo, da dogon nan. Ko gane gidan bai yi ba. Ya sake jera mu. Uku, Huɗu, Biyar. Ya dubi yatsunsa, fuskarsa ta canza.

"Ɗaya, Biyu, ina?"

Na ji ƙanena Huɗu ya motsa a gefena, na damƙe masa hannu har farcena ya shiga. Baba bai yi bayani ba wannan karon. Ya tsaya a gabanmu yana tari, ya haɗa hannuwansa ya miƙa musu, kafin wani cikinmu ya sake ɗaga yatsa.