Tebur a Buɗe Yake, Auta

...kuma ko ɗaya ba ta faɗa rami ba. Ko ɗaya! Baba ya yi bugun farko a teburin sunuka, ƙwallaye goma sha biyar sun ɗan watse kawai, kamar yaran da aka tasa daga barci ba su so. Auta tana goga wa sanda alli karo na uku, don dai kada ta kalli hannun Baba. Na dama. Wanda ciwon shanyewar jiki ya taɓa wata biyar da suka wuce.

"Tebur a buɗe yake," in ji Baba. "Zaɓi."

Zaɓi... Yau Yaya zai kira. Ta ma san yadda zai fara, da muryar nan tasa ta shugaban taro, yana tauna kowace kalma: "To, Auta. Tsakaninki. Da Allah. Hannun nan ya dawo?" In ta ce a'a, shi ke nan. A rufe ɗakin sunuka, a fitar da tebur, a kwashi Baba zuwa gidan Yaya, hawa na huɗu, ya wuni yana gyangyaɗi gaban talabijin. In ta ce e, alhali ba haka ba ne? Mutumin da ke zaune shi kaɗai, ga tukunyar ruwan zafi, ga matakala... Likita ma, tabarau a kan hanci: "Hannun ne ma'auninmu, 'yata, ku sa masa ido."

Ta sa ido. Ga abin da idon ya gani: bugun da ko ƙuda ba zai kora ba.

Ta tuna tana shekara tara, tsaye a kan akwatin lemo don ta kai tebur. Baba da abokinsa Tela suna musun da ba ya ƙarewa. Baba ya turo ciki gaba, gira a sama: "Mai fasawa, mai bugun farko, shi ne da riba! In ya jefa ɗaya, sanda na hannunsa, kuma doka ba ta ɗaure shi ba. Ya duba a tsanake, masu zane ko marasa zane, ya ɗauki waɗanda suka kwanta masa." Tela, awo rataye a wuya, murya ta hanci: "In bai jefa ba fa, mutumina? Ai ya dafa wa wani." Baba: "Wanda ba ya jefawa, me ya kawo shi bakin tebur?"

Sau nawa ta kwaikwaye su a madafa, da muciya a matsayin sanda, har Mama ta riƙe ciki tana cewa, ke za ki kashe ni! Mama... Allah ya jiƙanta, ita ce ba ta taɓa shiga musun ba, sai dai murmushi.

Kuma kullum Baba ke ƙwace bugun farko. "Ni ne babba. Gidan nan ba a tausayi." Mugun tsoho! Har kuka ta yi don haushi. In da Tela yake bugawa, ko ɗaya abokin nasa, Direba, ƙarar fasawarsa har titi, tas! Biyu, uku sun shige kafin mutum ya ajiye shayi. In da ita ce...

Tsaya.

In da ita ce, yaushe ya taɓa jefawa a bugun farko? Ranar da ta gama makaranta? A'a. Ranar da ta dawo da zazzaɓi? A'a... Shekara goma sha biyar, ko sau ɗaya? Sai dai "Tebur a buɗe yake, zaɓi," da wata ƙwallo zaune a bakin rami tana jiranta kamar an aiko ta.

Ta duba. Ga rawaya can a kusurwar taga, leɓenta a bakin rami. Ko makaho ya jefa ta.

Ciwo na iya saiti haka? Ko dace ne kawai — ƙwallo ai ba ta da hankali, inda ta ga dama take tsayawa. Baba yana kallon fanka, fuskar wanda bai san komai ba, fuskar nan dai ta da. Amma ga gumi a goshinsa. Kuma hannun yana cikin aljihu. Da can yana sa shi a aljihu? Yana sawa? Ita da ta haddace tarinsa da tafiyarsa, wannan ɗaya ta kasa tunawa...

Ta ce masa ya sake, da ƙarfinsa duka? In zai iya, ta tona masa asirin sassaucin da yake yi mata shekara goma sha biyar. In ba zai iya ba —

Waya tana kuka a cikin jaka. Tun yanzu, Yaya?

Ta sunkuya. Farar ƙwallo ta zama biyu a idonta.

"Buga mana, Auta," in ji Baba. "Ko hannunki ne ya samu matsala?"

Alli ne ya shiga mata ido. Allin ne... Wayar ta yi shiru, ta sake farawa.